Tashar GMMTV a YouTube: kallo kyauta, amma ra'ayin masoya ne ke juya akalarta

GMMTV kamfanin shirya finafinai ne masu dogon zango da ke Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, kuma tasharsa ta YouTube ita ce ƙofar da akasarin 'yan kallo na ƙasashen waje ke bi su fara sanin finafinan da ake kira BL, wato Boys' Love. Ya kamata mai karatu ya san abin da ke ciki tun kafin ya danna: labaran soyayya ne tsakanin namiji da namiji, galibi ɗaliban sakandare ko na jami'a, wani lokaci ma'aikatan ofis. Ba su kaɗai tashar ke ɗorawa ba. Akwai na soyayyar saurayi da budurwa, akwai na ban tsoro, akwai shirye-shiryen raha da waƙoƙi. Sai dai BL ne ya kai sunanta Filifin da Japan da Indonesiya da Birazil, kuma a kansa wannan sharhin zai tsaya.

Idan ana maganar wurin kallo kyauta, da hoto mai kyau da fassarar Turanci da ke fitowa a daren da aka haska fim, wannan tasha ta yi wa takwarorinta fintinkau. Amma ba don mai kallo shi kaɗai a ɗakinsa aka tsara ta ba. An tsara ta ne don taron masoya masu surutu, masu ƙirga yawan kallo, masu sayen kaya. Kusan duk abin da ke da daɗi a tashar, da kusan duk abin da ke ɓata rai, daga nan ya samo asali.

Abu na farko da sabon shiga ke cin karo da shi shi ne yadda ake datsa kowane kashi gida huɗu. Kashi ɗaya kan ɗauki minti 45 zuwa awa guda, amma ba za ka same shi a dunƙule ba. Za ka ga an rubuta 1/4, 2/4, 3/4, 4/4 a ƙarshen sunan bidiyon, kowane yanki minti goma zuwa ashirin. Wannan tsarin ya bi yadda ake tafiya hutun talla a talabijin, kuma yana ninka adadin kallo da tallar da YouTube ke sakawa. Matsalarsa a aikace ita ce, in ka bar YouTube ya zaɓa maka bidiyo na gaba, sau da yawa zai tsallaka da kai daga yanki na biyu na kashi na uku zuwa yanki na huɗu na kashi na tara, domin shi ne mutane suka fi kalla. Nan take ka ga ƙarshen rikicin da ko fara shi ba a yi ba a inda kake. Maganin abin mai sauƙi ne: kada ka nemo fim ta akwatin bincike ka danna na farkon da ya fito. Shiga cikin tashar, buɗe jerin bidiyon da aka ware wa fim ɗin, ka fara daga can. A cikin jerin ma a duba lamba, don wasu jerin sukan haɗa da waƙoƙi da tallan kashi na gaba da bidiyon bayan fage a tsakiya.

Yawancin finafinan sukan fara fita a tashar talabijin ta GMM25 da ƙarfe 8:30 na dare agogon Tailan, kashi ɗaya a mako. Tailan tana gaban agogon GMT da awa bakwai, ke nan 1:30 na rana a GMT. Ba su canja agogo da rani ko da hunturu, don haka lissafin ba ya motsi. Wani abin da ke rikita mutane shi ne shekara. A sanarwar da aka rubuta da yarensu za ka iya ganin 2568, wato kalandar Buda ce, wadda ke gaban ta Miladiyya da shekara 543. Cire 543, ka sami 2025.

Ta fuskar data, awa guda a kan 720p tana cin abin da ya kai gigabait ɗaya ko kusa da haka, a kan 480p kuma wajen rabinsa. A allon waya 480p ya isa, har fassarar ma tana fitowa tar, domin ba a jikin hoton take ba, YouTube ne ke ɗora ta daban. Fim mai kashi 12 a kan 480p zai tashi a wajen gigabait biyar zuwa shida.

Fassara ita ce babban jarin tashar. Danna alamar CC, shiga saituna, zaɓi Turanci. Sau da yawa akan ƙara wasu harsuna daga baya. A da, masoya ne da kansu ke ƙara fassara cikin harsunansu ta wata hanya da YouTube ya buɗe wa jama'a, amma YouTube ya rufe hanyar a watan Satumba na 2020, shi ya sa tsofaffin finafinai kan fi wasu sababbi yawan harsuna. A kiyayi fassarar da na'ura ke yi kai tsaye daga sautin Tailanci. Idan ka ga jimloli ba kai ba gindi, ita ka kunna bisa kuskure, koma saituna ka canja.

Ita fassarar kamfanin tana da kyau gwargwado, amma akwai abin da take zubarwa a hanya, kuma masoya sun daɗe suna kuka a kansa. A Tailanci, yadda mutum ke cewa "ni" da "kai" yana nuna matsayin da ke tsakani. Abokai na ƙut da ƙut sukan ce "ku" da "mung", kalmomin da ba a faɗa wa babba. Ƙarami yana kiran wanda ya girme shi "Phi", babba kuma ya ce wa ƙarami "Nong". To a fim, lokacin da jarumi ya daina wata kalma ya koma wata, marubucin yana gaya maka cewa zuciya ta sauya ko da ba a furta ba. Turanci ba shi da wannan bambanci, sai fassarar ta shafe shi gaba ɗaya. Wanda ya horar da kunnensa a kan waɗannan kalmomi huɗu kaɗai zai fahimci abubuwa da dama da mai karanta rubutu zalla ba zai gani ba. A nan ne sashen tsokaci ke da rana: kusan ƙarƙashin kowane muhimmin yanki za ka sami wani ɗan ƙasar ya zauna ya yi bayanin wasa da kalma ko al'adar da fassara ta tsallake. Idan kuma ka ga an jera 55555 a tsokaci, dariya ce, domin biyar a yarensu "ha" ake cewa.

Sai batun yanka. Abin da ake ɗorawa a YouTube sau da yawa shi ne na talabijin, ko kusa da shi. Cikakken, wanda suke rubuta wa Uncut, yana can a manhajojin da ake biya, irin su Viu da WeTV da iQIYI da GagaOOLala, gwargwadon wadda ta sayi fim ɗin. Mutane kan ɗauka abin da ake cirewa wuraren kusantar jiki ne kawai. Akwai su, amma akan cire har da hira ta minti biyu ko uku da ke bayyana dalilin da ya sa wani ya yi fushi ko ya sauya shawara. Sakamakon haka, mai kallon YouTube zai ga jarumi ya yi abin da ba shi da tushe, ya shiga tsokaci yana zagin marubuci, alhali amsar tana cikin abin da aka yanke. Wannan ba ƙaramin aibi ba ne, kuma bai dace a riƙa cire ƙashin bayan labari don a tura mutane biyan kuɗi ba. Ga wanda kuma ba ya son ganin wuraren kusantar, na YouTube ya fi masa sauƙi, amma kada ya saki jiki da cewa komai an tace. Finafinai irin Only Friends na 2023 na manya ne ko a wace siga, da shaye-shaye da cin amana da sauransu, kuma YouTube kan kulle wasu yankuna har sai mutum ya shiga da asusun da ya nuna shekarunsa sun kai 18. Idan ka ga yanki ɗaya ya ɓace daga cikin huɗu, galibi dalilin ke nan.

Kulle ta ƙasa ma yana nan. Idan wata manhaja ta sayi haƙƙin nuna fim a wani yanki na duniya, sai a toshe shi a YouTube ga mutanen yankin. Za ka buɗe jeri ka ga an ce an ɓoye wasu bidiyoyi, ko ka ga talla da waƙa kawai babu fim. Waɗanda aka ɗauko labarinsu daga Japan sun fi shiga wannan hali saboda sharuɗɗan masu haƙƙin mallaka. Kamfanin kan fitar da hoton sanarwa kafin fara fim, da jerin ƙasashe da inda kowa zai kalla, amma a shafinsa na X (tsohon Twitter) yake sakawa, ba a YouTube ba, kuma cikin kwana biyu ya nutse a ƙarƙashin wasu sanarwowin. Ya kamata a ce wannan bayani yana manne a ƙarƙashin tallan kowane fim.

Talla iri biyu ce. Akwai ta YouTube, wadda ke zuwa a farkon kowane yanki, wani lokaci da tsakiya. Akwai kuma ta cikin fim, wadda ba yadda za ka yi ka tsallake ta. Ana tsaka da maganar da ta taɓa zuciya, sai wani ya ɗaga kwalbar shayin Oishi ko ledar Lay's, ya juya sunan ya kalli kyamara, ya yaba ɗanɗano. Man shafawa, ruwan wanke fuska, taliyar minti uku, duk suna shigowa haka. Wannan kuɗin ne ke sa a iya ba ka fim kyauta, don haka da wuya a yi ƙorafi mai yawa. Bambancin yana wajen darakta. Mai gwaninta yakan saƙa tallar cikin wasa tsakanin jarumai har ta zama abin dariya mai daɗi, wanda bai iya ba kuma sai ya tsayar da labari cak na minti guda. Masoya na yau da kullum sun saba, har sukan yi cacar baki a kan wane kaya ne zai fito a kashi na gaba.

To, mu zo kan masoyan, tunda su ne rabin abin da tashar ke sayarwa.

A daren fitowar kashi, tun awa ɗaya ko fiye kafin lokaci, ƙungiyoyin masoya kan sanar da maudu'in da za a yi amfani da shi a X: sunan fim da lambar kashi a bayan alamar #, da wata gajeriyar jimla da za a riƙa maimaitawa. Suna da ƙa'idoji da suke yaɗawa a tsakaninsu. Kada a fara kafin lokacin da aka tsayar, kada a rubuta maudu'in shi kaɗai babu wata magana, kada a cika lambobi da alamomi, don kada X ya ɗauke shi a matsayin shara ya ƙi ƙirgawa. Da safe sai a fito da sakamako: ya zo na ɗaya a Tailan, na kaza a duniya, an yi rubutu kaza. Ba wasa suke yi ba. Kamfanonin da ke ba da talla suna duba waɗannan alƙaluma kafin su ɗauki jarumi ya zama fuskar kayansu, kuma masoyan sun san haka sarai. Haka suke yi wa yawan kallo a YouTube, su yi ta kira a sake kallo, a bar talla ta ƙare, kada a ƙara gudun bidiyo.

Ga mai son shiga cikin taro, wannan abu ne mai daɗin gaske. Idan aka saki bidiyo ta tsarin haskawa kai tsaye, akwatin hira yana gudu da harsuna goma a lokaci guda, kowa na ihu a daidai wuri ɗaya. Ga wanda ya makara da kwana ɗaya kuwa, azaba ce. Hoton da ke fuskar yanki na huɗu kan nuna babban abin da ya faru a kashin. Tsokacin da ya fi samun so, wanda ke saman kowa, yakan faɗi ƙarshe. Masu sake kallo sukan dawo kashi na ɗaya su rubuta abin da zai faru a na goma sha biyu. Mai son ya ji labari da ɗuminsa sai ya buɗe bidiyo ya cika allo nan da nan, ya bar tsokaci sai ya gama kashin, ya kuma toshe sunan fim ɗin a saitunan X har ya kammala.

Fim ɗin da ya nuna ƙarfin wannan taro shi ne 2gether, wanda ya fita daga Fabrairu zuwa Mayu na 2020, kashi 13, da Bright Vachirawit da Win Metawin. Ya faɗo daidai lokacin kullen korona, duniya na zaune a gida, ga shi kyauta da fassara. Kafin shi akwai Love Sick na 2014, wanda ba na GMMTV ba ne, da SOTUS na 2016 da Krist Perawat da Singto Prachaya suka yi, waɗanda suka kafa kasuwar a cikin gida da maƙwabta. Amma 2gether ne ya ɓalle. A Filifin har an mayar da shi harshen Tagalog an nuna. Da kashi na ƙarshe ya fito, masoya da yawa suka yi ca a kan kamfanin, suna cewa an ƙare soyayyar kashi 13 kamar ta abokan ƙwallo, da tafa hannu. Cikin watan Agusta na shekarar sai ga ci gaban labarin, Still 2gether, kashi biyar. Ko mene ne lissafin kamfanin, darasin da masoya suka ɗauka shi ne ƙorafinsu yana isa inda ake so, kuma tun daga nan ba su sassauta ba.

A cikin wannan zangon ne kuma, a Afrilun 2020, rikici ya ɓarke tsakanin masu amfani da intanet na Chaina da na Tailan, bayan Bright ya sake yaɗa wani rubutu da ya lissafa Hong Kong a matsayin ƙasa. Ya nemi afuwa, amma faɗan ya riga ya fi ƙarfinsa. Matasan Tailan da Hong Kong da Taiwan suka haɗa kai a intanet, abin da aka riƙa kira ƙawancen shayi da madara, wanda daga baya ya shiga bakin masu zanga-zangar neman dimokuraɗiyya. Wanda ke ganin taron masoyan nan yara ne masu ihu kawai bai karanci abin da kyau ba.

Babban abin da ya bambanta wannan kasuwa da sauran shi ne haɗa jarumai biyu-biyu. Idan mutum biyu suka yi fim ya karɓu, sai a haɗe sunayensu ya zama ɗaya, kamar OffGun ko EarthMix ko TayNew, a yi musu tambari da 'yar tsana da fitilar ɗagawa a taro, a riƙa sayarwa a shagon kamfanin. Daga nan tare za su yi fim na gaba, tare za su yi talla, tare za su je taron ganawa da masoya a ƙasashe. Off Jumpol da Gun Atthaphan sun yi Theory of Love a 2019, suka dawo a Not Me a ƙarshen 2021. Earth Pirapat da Mix Sahaphap sun yi A Tale of Thousand Stars a 2021, da Cupid's Last Wish a 2022, da Moonlight Chicken a 2023. Amfanin abin a bayyane yake: mutanen da suka shekara biyar suna aiki tare sun san numfashin juna, kallo ɗaya ya ishe su isar da abin da wasu za su yi da jimla goma. Illarsa kuma ta fi zurfi. Na farko, tana kashe zullumi. Da zarar ka ga sunayen da ke kan hoton fim, ka san wa zai ƙare da wa, ko da labarin ya nuna akasin haka ne ya fi dacewa. Marubuci ba shi da ikon raba su, don ya san abin da zai biyo baya. Na biyu, wasu masoyan sukan kasa raba fim da rayuwa. Su ɗauka jaruman masoya ne da gaske, su bi diddigin wanda suka ci abinci da shi, su far wa duk macen da aka gani kusa da ɗayansu da zagi. An sha ganin kamfanin ya fitar da sanarwa yana roƙon a daina bin jarumai gida ko yana barazanar kai masu ɓata suna kotu. Amma kamfanin da ke roƙon nan shi ne kuma ke cin ribar shaƙuwar da ake nunawa a kan dandamali. Tashar YouTube ɗin cike take da bidiyon bayan fage da shirye-shiryen tafiye-tafiye da aka yanka musamman don rura wannan zato. A nan ne na fi ganin laifin tashar, domin matasan jaruman ne ke biyan farashin da lafiyar ƙwaƙwalwarsu, ba masu ofis ba.

Akwai wani abu da sabon shiga ya kamata ya gane game da tallan finafinai. Kusan kowace shekara, wajen ƙarshenta, kamfanin kan yi babban taro ya nuna jerin abin da zai yi a shekara mai zuwa, a haska kai tsaye a tashar. Bidiyoyin da ake nunawa a ranar ba daga fim aka yanko su ba, domin ba a ma fara ɗauka ba. Gwaji ne da ake shiryawa don jawo masu talla da auna zafin masoya. Fim ɗin na iya ɗaukar shekara ɗaya ko biyu kafin ya fito, labari ya canja, jarumi ya canja, wani ma a fasa shi. Don haka fim ɗaya yana da talla biyu a tashar, na gwaji da na ainihi. Duba ranar ɗorawa: wanda ya fito makonni kaɗan kafin kashi na ɗaya shi ne na gaskiya.

Ba za a yi wa masoya adalci ba in aka ce hayaniya kawai suke kawowa. Sukar da suka yi ta gyara abubuwa. Finafinan farko-farko na wannan fanni, a kamfanoni daban-daban, suna da halaye marasa kyau: a nuna tilastawa kamar soyayya ce, a mayar da kowace mace muguwar da ta zo raba masoya, a sa masu ɗabi'ar mata su zama abin dariya kawai. TharnType na 2019, wanda wani kamfani ne daban ya yi, ya sha suka mai zafi kan batun yarda, duk da karɓuwar da ya samu. Masu kallo, ciki har da 'yan Tailan da labaran suka shafi rayuwarsu, suka yi ta rubutu a kai shekara da shekaru. Bad Buddy, wanda ya fita daga Oktoban 2021 zuwa Janairun 2022, kashi 12, da Ohm Pawat da Nanon Korapat, ƙarƙashin darakta Noppharnach Chaiyahwimhon da aka fi sani da Aof, kamar amsa ce ga wannan suka. 'Ya'yan maƙwabta ne biyu da iyayensu ba sa ga maciji, kuma fim ɗin da gangan yake ɗauko tsofaffin halayen nan yana ajiye su gefe ɗaya bayan ɗaya. Not Me na darakta Anucha Boonyawatana ya shiga batun rashin daidaito da ƙarfin masu kuɗi a gaban doka, a lokacin da zanga-zangar 2020 ba ta gama hucewa ba. Moonlight Chicken, kashi takwas a garin Pattaya, ya kawo mai sayar da shinkafa da kaza da ya fara manyanta, ga bashi, ga ɗan 'yar'uwa da yake riƙo, da wani yaro kurma da ake magana da shi da hannu. Waɗannan uku su ne mafi kyawun abin da tashar ta mallaka, kuma da su ya dace a fara. Batun auren jinsi ɗaya ma ya riƙa fitowa a bakin jarumai a cikin finafinai kafin dokar Tailan ta fara aiki ranar 23 ga Janairun 2025, ƙasa ta farko a kudu maso gabashin Asiya da ta yi haka.

Inda har yanzu rubutu ke tuntuɓe shi ne dab da ƙarshe. Masoya har suna suka sa wa abin, suna cewa masifar kashi na 11: a fim mai kashi 12, sai a ƙirƙiro rabuwa a na 11, a tsallake shekara biyu ko uku, a sasanta a na 12 cikin gaggawa. Last Twilight, da Jimmy da Sea suka yi daga ƙarshen 2023, misali ne mai ciwo. Kashi goma ana bin ɗan wasan badminton da idonsa ke mutuwa yana koyon rayuwa a haka, da natsuwa da mutunci, sai aka raba shi da masoyinsa a na 11, a ƙarshe kuma aka yi masa aiki ido ya buɗe. Masu kallo da yawa sun ji an rushe abin da aka gina, kamar ana cewa farin ciki ba ya cika sai nakasa ta tafi. Suna da gaskiya. Yawan finafinan da kamfanin ke fitarwa a shekara ya fi ƙarfin lokacin da yake ba marubutansa, kuma a ƙarshen labari abin ke fitowa fili. Sauti ma yakan ba da matsala: makirufo na gogar riga idan aka rungumi juna, kiɗa ya danne magana, a yi ta sa ƙararrakin ban dariya inda ba a buƙata.

Kada a dogara da makin da ake bayarwa a shafin MyDramaList yayin da fim ke kan fita. Masoyan jarumai kan ba da goma tun kashi na ɗaya, masu jin haushi su ba da ɗaya. Jira wata biyu bayan kammalawa, ka karanta dogayen sharhi masu maki shida zuwa takwas, a nan masu faɗin gaskiya suka fi taruwa.

Tashar ba ta ƙunshi komai ba. KinnPorsche na 2022, labarin 'yan mafiya mai kashi 14 da Mile Phakphum da Apo Nattawin suka yi, na kamfanin Be On Cloud ne, cikakkensa a iQIYI ya fita, kuma na manya ne ƙwarai. I Told Sunset About You na 2020, kashi biyar a tsibirin Phuket, wanda da yawa ke ɗauka shi ne ƙololuwar fannin ta fuskar hoto da wasa, na Nadao Bangkok ne, a manhajar LINE TV ya fara fita, wadda ta rufe a ƙarshen 2021. Cutie Pie na 2022 yana tashar Mandee. Wanda zai biya wata manhaja saboda fim ɗaya, ya fara bincika sunan fim ɗin a cikinta daga ƙasar da yake kafin ya sa kati, domin abin da Viu ko WeTV ke nunawa a wata ƙasa ba lallai ya kasance a wata ba. Ya fi arha a jira fim ya kammala a biya wata ɗaya a kalle shi duka, sannan a kashe sabunta biya ta atomatik a ranar da aka yi rajista, ta cikin Google Play ko App Store idan ta can aka biya, don goge manhajar daga waya ba ya tsayar da cire kuɗi.